Ruwan wanka a Azagor: zafin da jiki ke bukata da wanda ya zama hasara

Daga watan Disamba zuwa na Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, da wuya a shiga gida a ƙasar Dakoro ba a tarar da ruwan wanka bisa wuta ba. A dararen waɗannan watanni ma'aunin zafi yakan sauko ƙasa da digiri 15, tsofaffi su takure a bakin murhu, yara su riƙa gudun wanka, magidanci ya yi alwalar asuba yana rawar ɗari. Akwai kuma gidan da wutarsa ba ta jiran hunturu, watau gidan da aka sami ƙaruwa. A can, ko da tsakiyar bazara ce, sai an hura wuta safe da maraice domin wankan jego.

Azagor ƙaramar hukumar karkara ce a cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. Tana arewa da garin Dakoro, a yankin kwarin Tarka, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, filin kiwo ya fara. Tun shekarar 1961 doka ta shata wa noma iyaka ta arewa a Nijar, kuma iyakar ta ratsa ta ƙasar Dakoro. Manoma da makiyayan wannan yanki abu biyu ne ke ba su wuya kowace safiya: ruwa da icce. Rijiyoyinsu suna da zurfi ƙwarai, har sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko sa ko jakuna kafin guga ya fito. Icce kuwa tun farin 1973 da na 1984 ya yi nisa da gari. Mata da ƴanmata ne ke zuwa nemansa, in bai samu ba a koma ga karan hatsi da busasshen kashin shanu, alhali kuwa gona na bukatar su domin ta yi yabanya.

Saboda haka tukunyar ruwan wanka ba ƙaramin abu ba ce a gidan Azagor. A cikinta akwai wahalar dabbar da ta ja guga, da tafiyar yarinyar da ta ɗauko icce, wani lokaci har da lafiyar matar da za a yi wa wankan. Abin da ya kamata kowane gida ya sani shi ne, zafin da jikin mutum ke bukata a wanka bai wuce digiri 40 ba. Duk abin da ya haura haka hasarar icce ne, kuma haɗari ne ga jiki.

Yadda waɗansu ƙasashe ke yi

Son ruwan zafi ba a kanmu aka fara ba. A ƙasar Japan gidaje suna da baho mai zurfi da ake kira ofuro, inda mutum ke zama ruwa ya kai masa kafaɗa. Ƙa'idarsu ita ce a cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye a waje kafin a shiga, don haka ruwa ɗaya yakan ishi iyali duka, wannan ya fito wannan ya shiga. A ƙauyukansu na da, bahon wata babbar tukunyar ƙarfe ce da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, a shimfiɗa katako a gindinta don kada tafin ƙafa ya ƙone. A biranen Maroko da Aljeriya da Tunisiya kuwa akwai hammam, watau gidan wankan unguwa, inda wuta ɗaya ke ɗumama ruwan jama'a da yawa, kowa ya ɗiba da bokiti.

A Amurka abin ya koma na inji. A shekarar 1956 iyalin Jacuzzi, ƴan asalin Italiya da ke zaune a Kalifoniya, suka fito da wani ɗan famfo da ake sakawa cikin baho yana motsa ruwa. Da ma an ƙera shi ne domin wani yaronsu mai ciwon gaɓoɓi. A 1968 suka fito da bahon da famfonsa ke haɗe a jikinsa. Irin wannan baho na gida yakan ci lita 1,000 zuwa 1,500, ana barin ruwansa da zafi har tsawon makonni, saboda haka yana bukatar lantarki, da matata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da murfi mai kauri. In mai shi ya yi sakaci da tsabta, sai ƙuraje su feso wa masu shiga, ko kuma ƙwayar cutar da ake kira Lejiyonela ta hayayyafa a ciki. An gano wannan ƙwaya bayan wata annobar ciwon huhu da ta auku a birnin Filadalfiya a 1976, kuma ta fi son ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 da 45. A 1979 hukumar da ke kula da lafiyar masu sayen kaya a Amurka ta yi gargaɗi cewa kada zafin irin wannan baho ya wuce digiri 40.

To, lita 1,500 jarka 75 ke nan mai cin lita 20. In aka ba kowane mutum lita 20 a yini, wannan ruwan gidan mutum goma ne na mako guda har da ƙari. Babu mai cewa a kawo irin wannan baho bakin rijiyar Azagor. Amma ko ba mu ɗauki bahon ba, muna iya ɗaukar darasin da masu shi suka koya da kuɗinsu: ruwan zafi yana son murfi, zafinsa yana da iyaka, kuma ruwa mai ɗumi da aka bari yana kwana yana wuni matattarar cuta ne.

Lissafin icce

Masana sun daɗe da auna yawan wutar da ruwa ke ci, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba. Ruwan da ya kwana a randa cikin hunturu yana wajen digiri 20. Kai shi digiri 40 hawa ne na digiri 20. Kai shi tafasa, watau digiri 100, hawa ne na digiri 80. Ke nan tafasa ruwa yana cin wuta ninki huɗu na abin da ɗumama shi ke ci.

Murhunmu na duwatsu uku kuwa almubazzari ne. Daga cikin zafin da icce ke bayarwa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke shiga tukunya, saura iska ta kwashe, balle iskar hunturu da ke kaɗa harshen wuta gefe. Bisa wannan ma'auni, bokiti mai lita 20 yana cin kusan kilo ɗaya na busasshen icce kafin ya kai digiri 40, ya ci fiye da kilo uku kafin ya tafasa.

Mu ɗauki gidan da ake tafasa lita 60 a kowane wankan jego. Wanka ɗaya kilo 10 ke nan na icce. Safe da maraice har kwana arba'in wanka 80 ne, watau kilo 800. Da digiri 40 kaɗai aka kai ruwan nan, kilo 200 sun isa. Bambancin kilo 600 ne. In muka ƙaddara ɗaurin iccen da mace ke ɗaukowa a ka kilo 20 ne, an yi sawu talatin ke nan zuwa daji a banza saboda haihuwa ɗaya. Mai karatu ya ninka wannan da yawan haihuwar da ake yi a garinsu cikin shekara, zai ga ɗaya daga cikin hanyoyin da aduwa da kalgo da sabara suka bi suka ƙaura.

Maganin yana cikin abin da iyayenmu suka sani tun tuni, watau sirki. Bokiti ɗaya na tafasasshen ruwa in an sirka shi da bokiti uku na ruwan randa, ana samun bokiti huɗu masu digiri 40 daidai. Akwai kuma abin da duk mai zuwa rijiya da asuba ya sani: ruwan rijiya mai zurfi da ɗuminsa yake fitowa, wajen digiri 30, domin sanyin dare ba ya kai wa gare shi. Randa kuwa aikinta sanyaya ruwa, don haka aka gina ta. Wanda ya ware ruwan wanka daga sabon ɗiba, bai zuba shi a randa ba, bokitinsa ɗaya tafasasshe zai sirka bokiti shida. Ƙa'idar sirki ita ce a fara zuba ruwan sanyi, sannan a bi shi da na zafi, a motsa, a gwada da gwiwar hannu. Tafin hannun macen da ta saba da murhu ya yi kanta, ba ya faɗin gaskiya. Ruwan da gwiwar hannu ba ta iya zama cikinsa ba, sauran jiki ma ba zai iya ba.

Wankan jego

Wankan jego tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Zariya. Ana tafasa ruwa a babbar tukunya ko rabin ganga, ungozoma ko uwa ko goggo ta tsoma reshen tsamiya ko runhu ko dogon yaro tana fyaɗa wa mai jego a jiki, bayan nan a ba ta kunun kanwa. A waɗansu wurare har akan hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta bisa. Manufar ita ce a kore mata sanyi, a mayar mata da ƙarfinta. Al'adar tana da alherin da bai kamata a raina ba: kwana arba'in mace tana hutawa daga daka da zuwa rijiya, ana tsabtace ta, ana ciyar da ita, manyan mata suna lura da ita da jaririnta.

Inda gizo ke saƙa shi ne zaton da ake yi wai gwargwadon zafin ruwa gwargwadon amfaninsa, har a ga yarinya mai haihuwar fari tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki. Ita kuwa fata ba ruwanta da kunya. Tun 1947 masana biyu na jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka auna yadda ruwan zafi ke ƙona fata, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki: ruwa mai digiri 50 sai ya yi mintoci bisa fata kafin ya yi mata mummunar ƙuna, mai digiri 60 kuwa daƙiƙa biyar sun ishe shi. Fatar jariri da ta tsoho sun fi haka saurin ƙonewa. Ƙuna a jikin mai jego, musamman in akwai ɗinki ko wani raunin haihuwa, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Bugu da ƙari, zafi mai yawa yana buɗe hanyoyin jini, ƙarfin bugun jini ya sauka, jiri ya ɗebi mutum. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa tana iya yanke jiki ta faɗi kusa da tukunya mai tafasa.

Akwai kuma batun zuciya. A ƙasashenmu na Sahel ana yawan ganin wani ciwo da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, inda zuciya ke yin rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo a asibitin jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka buga sakamakonsu a 1978. A lokacin an zargi wankan zafi da gadon wuta da kanwa, domin kanwa irin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. A 1992 likita Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka nuna cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyom a jininsu. A 2020 aka buga wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya. Ya sami ciwon a wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari a arewa maso yammacin ƙasar, amma bai sami hujjar ɗora laifin bisa wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na masu ciki.

Ke nan ba adalci ba ne a ce wanka ne ke haifar da ciwon. Sai dai zuciyar da ta riga ta yi rauni, zafi mai tsanani da gishiri mai yawa nauyi suke ƙara mata. Babban haɗarin kuwa shi ne a ɗauki alamun ciwon a matsayin sanyi, a ƙara wuta maimakon a nemi likita. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashinta ke sarƙewa, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, ko tari ya hana ta barcin dare, haka nan wadda zazzaɓi ya kama ko jini ya ƙi tsaya mata, a ɗora ta bisa amalanke ko mota a kai ta gidan likita mafi kusa a ranar nan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ta asibitin Dakoro. Jariri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankansa na farko har awa 24 bayan haihuwa. Ruwansa kada ya wuce ɗumin jikin mutum, watau digiri 37.

Ginin murhu da makewayi

A cikin shekarun 1980, musamman bayan taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayun 1984, an yaɗa murhunan tsimin icce a Nijar: Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke ƙerawa, da Albarka na laka, wanda mace ke iya ginawa da hannunta. Irin waɗannan murhuna in an yi su daidai suna kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na zafin icce ga tukunya.

Wadda ke son ginin murhun ruwan wanka ta nemi laka mai danƙo, ta cuɗa ta da ƙaiƙayi da kashin jaki, ta bar ta kwana biyu ko uku ta tsima. Sai ta kafa duwatsu uku masu tsayin kimanin santimita 15, ta ɗora ainihin tukunyar da za ta riƙa aiki da ita, ta kewaye ta da katanga mai kaurin tafin hannu har kusa da wuyanta. A bar tazarar yatsa guda tsakanin tukunya da katanga, domin ta nan zafi ke bi yana lasar jikin tukunya kafin ya fita. Ƙofar icce ɗaya ta isa. A bar ginin ya bushe sannu a hankali, kamar mako guda, kafin a sa masa wuta, in ba haka ba zai tsattsage. A gina shi inda katangar gida ke kare shi daga iskar gabas, nesa da zana da rumbu.

Wanda zai yi aiki da gangar ƙarfe mai lita 200 ya binciki asalinta. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin fari ko maganin ƙwarin gona ba ta wankuwa, dafin yana komawa cikin ruwa ya shiga jiki ta fata. Wadda ta ɗauki man fetur kuwa tana iya fashewa in an sa mata wuta ko an zo yanka ta. Haka nan kada a taɓa toshe bakin ganga gam a bisa wuta, domin tururi in bai sami mafita ba da ƙarfi yake yi wa kansa hanya. Murfi ɗorawa ake yi, ba ɗaurewa ba.

Makewayi kuwa yana bukatar abu uku. Na farko, katanga ko shinge mai kauri ta wajen gabas da arewa, domin iska ce ke sa mai wanka ya nemi ƙarin zafi; in an tare ta, ruwa mai digiri 40 ya wadatar. Na biyu, daɓe na duwatsu ko siminti mai ɗan gangare, santimita biyu a kowane mita, zuwa ga rariya. Na uku, ramin tsotse ruwa mai zurfin mita guda, a cika shi da duwatsu da fasassun tukwane, a rufe samansa, kuma ya kasance nesa da rijiya da aƙalla mita 30. In aka dasa dogon yaro ko zogale a gefen ramin, ruwan da aka yi wanka da shi sai ya sake yin wani aikin. A ajiye wa mai jego da tsoho kujera ƴar tsugunno, su yi wanka a zaune. Kada kuma a shigar da kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki don ɗumama mai wanka, domin gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke sa barcin da ba a tashi.

Aikin rana

Akwai wutar da ba a zuwa daji nemanta. Kowane mita ɗaya murabba'i na ƙasar Nijar yana samun zafin rana a yini wanda ya kai na kilo ɗaya da wani abu na busasshen icce, in da za a ƙone shi ba tare da wata hasara ba. Ko kashi ɗaya cikin uku na wannan zafi aka kama, ya isa ya ɗaga lita 80 na ruwa daga digiri 20 zuwa 40, aikin da murhun duwatsu uku ke yi da fiye da kilo uku na icce.

Ɗan jihar Maraɗi ne ya fi kowa jan hankalin ƙasa ga wannan arziki. An haifi Farfesa Abdu Mumuni a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma a zamaninsa ofishin ya ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a Yamai. Ya rasu a 1991, a shekarar da ta biyo aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Dabarar na'urar ba ta da wuyar ganewa: baƙin faranti ne cikin akwati mai murfin gilashi, bututu na bi ta jikinsa, tanki yana bisa. Ruwan da ya yi zafi ba ya da nauyi kamar mai sanyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, babu inji babu lantarki.

Wanda bai da halin sayen na'ura yana iya yin ƙaramarta. Jarka baƙa, ko wadda aka shafa wa baƙin fenti, a cika ta da hantsi, a kwantar da ita cikin akwati ko rami da aka shimfiɗe da ƙaiƙayi, a rufe saman da farar leda mai nuna ciki, a inda iska ba ta bugu. Kafin la'asar ruwan ya ɗauki ɗumin da zai isa wankan maraice, ko dai ya bukaci sirki kaɗan daga murhu. Ranar da hazo ya rufe rana ɗumin yakan ragu, amma ko rabin aikin rana ta yi, rabin icce ya tsira. Ruwan wanka ne wannan, a yi amfani da shi a ranar, a juye jarka ta bushe.

In abu ya ɓaci

Ruwa ya daɗe bai yi zafi ba? A duba icce, ɗanye yana ɓata ƙarfinsa wajen busar da kansa. A duba murfi, a duba kuma tazarar da ke tsakanin tukunya da katanga, ko toka da baƙin hayaƙi sun toshe ta. Murhu yana yawan hayaƙi? An cusa icce da yawa ko toka ta cika gindi ta hana iska shiga; ƙananan faskare biyu ko uku sun fi babban gungume ɗaya. Farin ɓawo ya kama cikin tukunya? Wannan daga ruwan rijiya yake, kuma yana hana zafi ratsawa. A jiƙa tsamiya a tafasa a ciki, a goge, zai saki. Ganga ta fara tsatsa? A riƙa juye ta a kife bayan aiki, kada ruwa ya kwana a ciki. Katangar murhu ta tsage? A jiƙa wurin a liƙe da sabuwar laka tun tsagar tana ƙarama. Makewayi yana wari, ruwa yana kwanciya? Ramin ya toshe da sabulu da yashi. A kwashe duwatsun a wanke a mayar, domin ruwa kwance gidan sauro ne. A kowane hali kuma, tukunya mai tafasa da yaro mai rarrafe kada su haɗu a tsakar gida ɗaya ba tare da idon babba ba.

Kira ga magidanta da iyaye mata

A al'adarmu mai gida ne ke tanadin iccen jego tun ciki yana wata bakwai ko takwas, kuma tarin iccen da ya jibge a ƙofar ɗaki shi ke nuna ya san darajar matarsa. Wannan niyya kyakkyawa ce. Sai dai a yau ana iya nuna ta ta wata hanyar: ginin murhu mai kyau kafin haihuwa, gyaran makewayi, kai mai ciki awo, da sayen nama da madara da ƙwai da kuɗin da aka rage daga icce, tun da bincike ya nuna rama ta fi wanka alaƙa da ciwon zuciyar masu jego. Iyayenmu mata da ungozomomi, su da ke riƙe da wannan al'ada, su ne kuma ke da ikon gyara ta. Maganarsu ɗaya a tsakar gida ta fi jawabi goma a dandali. Ba a ce su bar wanka ba, sirki ake roƙo.

Manoman jihar Maraɗi sun riga sun nuna wa duniya abin da suke iyawa. Tun 1983 suka fara sassaben zamani, watau barin tohon itatuwa a gona ana yi masa gyara maimakon a sare, kuma ta wannan hanya aka farfaɗo da wajen eka miliyan biyar ta ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Tun 1975 ƙasa take dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta. Amma iccen da aka dasa a Agusta, a murhu ake yanke masa hukunci cikin Janairu. Gidan da ya sirka ruwansa, ya rufe tukunyarsa, ya bar rana ta yi nata aikin, ya rage wa ƴarsa sawu zuwa daji, ya bar wa gona karanta da takinta, ya kuma fitar da mai jegonsa daga arba'in da fatarta lafiya. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ƙara wa uwa lafiya.